Makarantun gwamnati a Amurka: dalilin da ya sa unguwar da yaro yake kwana take yanke masa rabo

Wani malamin sakandare daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce ƙaninsa da ke zaune a jihar Teksas ya bar gidan haya mai sauƙin kuɗi ya koma wata unguwa mai tsada, kuma da ya tambaye shi dalili sai ya ce saboda makarantar yara ne. Malam yana son ya san yadda haka za ta yiwu, alhali makarantar da aka bari da wadda aka koma duk na gwamnati ne, duk kyauta ne, kuma a jiha ɗaya suke.

Malam, ƙaninka ya gaya maka gaskiya. Na daɗe ina nazarin yadda ake raba kuɗin ilimi, kuma wannan tambaya taka ita ce wadda Amurkawa suka shafe fiye da shekara 50 suna kai wa kotu.

Da farko ka cire tsarinmu daga ranka. A Amurka, in ban da 'yan kaɗan, gwamnatin tarayya ba ta mallaki makarantun firamare da sakandare ba. Ilimi aikin jihohi ne, su kuma jihohin sun yanyanka ƙasarsu zuwa gundumomin ilimi, kowace da iyakarta, kuma yawancinsu da hukumar da jama'ar wurin ke zaɓa, da ikon sa haraji. Gundumomin nan sun kai wajen 13,000 a faɗin ƙasar, suna riƙe da yara kusan miliyan 50. Yaro yana zuwa makarantar gundumar da gidansu yake, shi ya sa ranar rajista sai an nemi takardar haya ko ta kuɗin wuta. Kuɗin da ke tafiyar da makarantun daga hanya uku yake zuwa. Tarayya tana ba da kusan kashi 10 cikin 100. Sauran kuwa jiha da gunduma ne suke ɗauka, kusan rabi da rabi. Kason gunduma mafi yawansa harajin gidaje ne da filaye da shaguna da masana'antun da ke cikin iyakarta. To nan ne gizo ke saƙa. Gundumar da gidajenta ke da tsada, ko take da babbar kasuwa ko matatar mai, tana tara kuɗi mai yawa da ɗan ƙaramin haraji. Gundumar da gidajenta tsofaffi ne masu arha, ko ta ɗora wa mutanenta haraji har ya kai musu iya wuya, abin da za ta tara bai taka kara ya karya ba.

Bari in ba ka misali daga jihar da ƙaninka yake, domin daga can ne shari'ar da ta fi kowace shahara ta taso. A birnin San Antonio akwai gundumar Edgewood, unguwar talakawa ce, kusan kashi 90 cikin 100 na ɗalibanta 'yan asalin Meksiko ne. Ba nisa da ita akwai gundumar Alamo Heights ta masu hali. A shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, idan aka raba darajar kadarorin Edgewood a kan ɗalibanta, kowane yaro dala 5,960 ce ke tsaye a bayansa. A Alamo Heights kuwa ta haura dala 49,000. Mutanen Edgewood suna biyan harajin dala 1 da santi 5 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, wanda shi ne mafi yawa a yankin, su kuwa na Alamo Heights santi 85 suke biya. Duk da haka, bayan kowace gunduma ta zuba kason da jiha ta ɗora mata, abin da ya rage wa Edgewood dala 26 ce ga kowane yaro, Alamo Heights kuwa dala 333. Ka duba da kyau, Malam: talakawan sun fi masu kuɗin matsa wa kansu, amma abin da suka samu bai kai kashi ɗaya cikin goma na maƙwabtansu ba.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, domin shi ne zuciyar maganar. Kuɗin jiha an ƙirƙiro shi ne don ya cike wannan rami. To nawa Teksas ta ba kowace? Ta ba yaron Edgewood dala 222, ta ba yaron Alamo Heights dala 225. Wato jiha ta ga rami ta ga tudu, sai ta zuba ƙasa daidai a kan kowanne, har ma ta ɗan ƙara wa tudun. Kuɗin tarayya ya ɗan karkata ga Edgewood, dala 108 gare ta, dala 36 ga Alamo Heights, amma da aka haɗa jimla Edgewood ta tashi da dala 356, Alamo Heights da dala 594. Bambancin arzikin unguwanni ba jiha ce ta halicce shi a rana ɗaya ba, amma ita ce ta zana iyakokin gundumomi, ita ce ta ce a dogara da harajin gida, kuma ita ce ta rubuta ma'aunin rabon da ya bar ramin a buɗe. Shi ya sa ban yarda da masu cewa ai haka Allah ya yi unguwanni ba. Doka ce mutane suka zauna suka rubuta.

A 1968 ɗaliban sakandaren Edgewood suka fita daga aji suna kukan rashin kayan aiki da rashin ƙwararrun malamai. Iyaye suka shigar da ƙara, sunan da ya zo a kan gaba shi ne na Demetrio Rodriguez, tsohon soja, maƙerin kwano da ke aiki a sansanin sojan sama na garin. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, aka yanke hukunci a watan Maris na 1973. Alƙalai biyar suka kayar da huɗu. Mai shari'a Lewis Powell, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce kundin tsarin mulkin tarayya bai sa ilimi cikin haƙƙoƙin da ya kare kai tsaye ba, kuma jiha tana da hujjar barin kowace gunduma ta riƙe ragamar makarantunta. Mai shari'a Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun, wanda shi ne lauyan da ya ci shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantu bisa launin fata, ya rubuta doguwar adawa. Hujjarsa mai ƙarfi ce: wane iko gundumar talakawa take da shi, alhali ko ta so ta kashe kuɗi a kan 'ya'yanta babu inda za ta samo? A shekarar da ta biyo baya kotun ta sake yanke wani hukunci, shi ma biyar da huɗu, a shari'ar birnin Detroit, inda ta hana a haɗa makarantun birnin da na unguwannin da ke kewaye da shi don a gauraya ɗalibai. Hukuncin nan biyu suka mayar da iyakar gunduma katanga. Yaro ba ya ƙetarawa, kuɗi ma ba ya ƙetarawa.

Ba a banza unguwannin suka bambanta ba. Tun daga shekarun 1930 hukumomin tarayya suka riƙa zana taswirar birane suna yi wa unguwannin baƙaƙen fata da baƙi jan layi, alamar cewa ba da rancen gida a wurin kasada ce. Bankuna suka bi sahu shekara da shekaru. Gidajen wuraren suka ƙi yin daraja, masu hali suka koma bayan gari suka kafa nasu gundumomin. An daɗe da haramta wannan, amma darajar gida ba ta mance tarihi da wuri, kuma a kan darajar gidan ake lissafin haraji har gobe.

Da ƙofar tarayya ta rufu, sai aka koma kotunan jihohi, domin kowace jiha kundinta ya ɗora mata nauyin samar da makarantu. Kalifoniya ma ta riga kowa: tun 1971 kotun ƙolinta ta soki tsarin, bayan an nuna mata cewa gundumar Beverly Hills tana kashe dala 1,232 a kan yaro, Baldwin Park kuwa dala 577. A 1989 kotun ƙolin Kentucky ta ce duk tsarin ilimin jihar ya saɓa wa kundinta, majalisa ta sake shi daga tushe a 1990. A wannan shekara ta 1989 Edgewood ta ci nasara a kotun ƙolin Teksas, shekara 21 bayan ƙarar farko. Yaran da aka shigar da ƙarar dominsu sun riga sun zama iyaye. A New Jersey kotu ta tilasta wa jiha ta ɗaga kuɗin gundumomin birane matalauta, waɗanda daga baya suka kai 31, zuwa matakin na masu arziki, ta kuma sa aka buɗe wa 'yan shekara uku da huɗu azuzuwan share fage. Jihohi kaɗan ne ba a taɓa kai su ƙara a kan wannan batu ba.

Sai dai cin shari'a daban, ganin kuɗi daban. Kotu tana iya cewa tsari ya saɓa wa doka, amma majalisar dokoki ce ke riƙe da lalitar. A jihar Washington kotun ƙoli ta yanke hukunci a 2012, majalisa ta yi ta jan ƙafa, har a 2015 kotun ta ɗora wa jihar tarar dala 100,000 kowace rana, kuma sai 2018 aka rufe maganar. A New York an shigar da ƙara a 1993, aka samu sabon ma'aunin rabo a 2007, sai karayar tattalin arziki ta 2008 ta zo aka daskarar da shi, ba a cika alƙawarin ba sai a shekarar karatu ta 2023. Duk yaron da ya shiga aji ɗaya lokacin da aka yi alƙawarin ya gama sakandare kafin a cika.

Za ka ce to yanzu fa? A nan dole in yi adalci. Abubuwa sun canja ƙwarai daga zamanin Rodriguez. A jihohi da yawa yanzu, idan ka haɗa kuɗin jiha da na tarayya, gundumar talakawa tana samun daidai da ta masu kuɗi, wani wurin ma ta ɗan fi. Rashin adalcin yau ya fi na da wuyar gani, domin yana ɓoye ne a cikin ƙananan layukan doka, kuma nan nake so in ɗan tsaya.

Yawancin jihohi suna aiki da tsari ɗaya: jiha ta yanke cewa ilimin yaro guda yana cin kaza, ta lissafa abin da gunduma za ta iya tarawa, ta biya ragowar. A takarda babu laifi. Amma idan adadin da aka yanke bai kai ainihin kuɗin da ake buƙata ba, gundumar masu hali sai ta ƙara daga aljihunta, ta talakawa kuwa ta tsaya inda aka ajiye ta. A Teksas adadin tushe ya tsaya a kan dala 6,160 daga 2019 har zuwa 2025, alhali farashin komai ya tashi a tsakanin. Sannan Teksas tana cikin jihohin da ke biya bisa yawan yaran da suka halarci aji kullum, maimakon yawan waɗanda ke cikin rajista. Kai malami ne, ka san wanda ya fi fashin makaranta: yaron da ba shi da lafiya, wanda iyayensa ke yawan tashi daga gida zuwa gida, wanda ke renon ƙannensa. Makarantar da ta fi tara irin waɗannan yara ita ce ake rage wa kuɗi, amma albashin malami da kuɗin wuta ba sa raguwa don yara biyar ba su zo ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da 'yan majalisa ke so ƙwarai, wadda ke cewa kada gunduma ta samu ƙasa da abin da ta samu bara. Pennsylvania, mai gundumomi 500, ta yi shekaru a kan wannan. Garuruwan da mutane suka watse suka ci gaba da karɓar kason da, garuruwan da suka cika da baƙi da talakawa suka ci gaba da karɓar kason lokacin da suke ƙanana. A 2016 jihar ta amince da sabon ma'auni mai kyau da ke duba talauci da yawan masu koyon Turanci, amma aka ce sai a kan sabon kuɗin da aka ƙara kawai zai yi aiki, tsohon kuɗin da shi ne mafi yawa ya bi tsohuwar hanya. A watan Fabrairun 2023 mai shari'a Renée Cohn Jubelirer ta yanke hukunci mai shafi kusan 800 cewa tsarin ya tauye haƙƙin yaran gundumomi matalauta, bayan an kawo mata shaidar yaran da ake koya wa karatu a ɗakin ajiyar kaya da kan baranda. Jihar da kanta ta lissafa giɓin ya haura dala biliyan huɗu, ta fara biya da wajen dala miliyan 500 a kasafin 2024. An shigar da ƙarar tun 2014.

Gine-gine kuma nasu ya fi muni, domin a jihohi da yawa gunduma ce ke cin bashi ta gina makaranta, bayan jama'arta sun kaɗa ƙuri'ar amincewa, kuma darajar kadarorinta ce ke nuna iyakar bashin da za ta iya ci. A watan Janairun 2018 an ga hotunan yara a birnin Baltimore zaune a aji cikin rigunan sanyi saboda na'urorin ɗumama ɗaki sun lalace. A 2016 malaman Detroit sun ƙaurace wa aiki suna nuna rufin da ke yoyo da ɓeraye a azuzuwa. Wannan a ƙasar da ta fi kowace ƙarfin arziki a duniya.

Ko da an ba kowane yaro adadi ɗaya, maganar ba ta mutu ba, kuma wannan shi ne abin da mutane suka fi kasa fahimta. Yaron da ya zo aji bai iya Turanci ba, ko bai karya kumallo ba, ko yana da nakasa, koyar da shi ya fi cin kuɗi. Majalisar tarayya ta yi doka a 1975 cewa dole a ilimantar da yara masu nakasa, ta ce za ta iya ɗaukar har kashi 40 cikin 100 na ƙarin nauyin, amma ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba, sai ya faɗo a kan gundumomi. Kalifoniya ta gane haka a 2013, ta sake tsarinta: kowane yaro talaka ko mai koyon Turanci yana jawo ƙarin kashi 20 cikin 100, kuma idan irinsu suka haura kashi 55 na ɗaliban gunduma sai a sake ƙarawa. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da daidai.

Za ka ji masu cewa kuɗi ba ya gyara makaranta. Maganar ta samo asali daga wani babban rahoto na 1966 da James Coleman ya jagoranta, wanda ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito yana da tasiri mai girma. Suna kuma kafa hujja da Kansas City, inda aka kashe kusan dala biliyan biyu bisa umarnin kotu ba tare da sakamakon ya kai yadda aka yi fata ba. Gaskiya ne ana iya ɓarnatar da kuɗi. Amma binciken baya-bayan nan ya karkata ɗaya ɓangaren. A 2016 Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico suka bi rayuwar yaran da suka yi karatu a gundumomin da kotu ta sa aka ƙara wa kuɗi. Suka gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na tsawon shekara 12 ya sa 'ya'yan talakawa sun ƙara kusan rabin shekara a karatu, kuma abin da suke samu bayan sun girma ya ƙaru da kusan kashi 10. Ni kuma abin da na lura da shi shi ne, ban taɓa ganin gundumar masu hali ta yarda a rage mata kuɗi bisa hujjar cewa kuɗi ba shi da amfani ba. Idan sakamakon jarrabawa ya fito aka hau malaman makarantun talakawa da faɗa, an bar jaki ne ana dukan taiki, domin gundumar da ke biyan albashi mai tsoka ita ke kwashe gogaggun malamai, a bar wa maƙwabciyarta sababbin shiga.

Teksas ta gwada wata hanya tun 1993: gundumar da arzikinta ya wuce wani mataki tana mayar wa jiha rarar harajinta. Birnin Austin shi ne kan gaba, yana mayar da ɗaruruwan miliyoyin daloli duk shekara, alhali kusan rabin ɗalibansa 'ya'yan talakawa ne, domin tsadar filaye a gari ba ta nufin iyayen yaran suna da kuɗi. Ƙorafin da ake yi, kuma ina ganin yana da tushe, shi ne duk lokacin da kuɗin da ake karɓowa ya ƙaru, jiha tana samun damar rage abin da take fitarwa daga nata asusun, sai a bar gundumomi suna harara juna.

Wani ɓangare na wannan ba baƙo ba ne a gare ka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta ce sai jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓi tallafin UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kuma kowa ya san biliyoyin nairori sun sha kwana a asusu saboda wasu jihohin ba su kawo ba. Duk tsarin da ya ce kawo in ƙara maka, mai shi yake yi wa aiki, yaron da ya fi buƙata shi ke tashi a tutar babu.

Game da ƙaninka, bai yi wauta ba. Ƙarin kuɗin hayar da yake biya, a haƙiƙa kuɗin makaranta ne, domin mai gidan ya riga ya zuba harajin gundumar a cikin hayar. Abin da zan ce ka gaya masa shi ne kada ya dogara da makin da shafukan dillalan gidaje ke bai wa makarantu, domin sau da yawa arzikin iyaye suke aunawa fiye da ƙwazon malamai. Ya duba yawan yara a aji, da shekarun da malamai suka yi a makarantar, da irin taimakon da ake ba yaron da Turanci ba harshen gidansu ba ne. Hukumar ilimi ta jihar tana wallafa waɗannan bayanai na kowace makaranta a intanet. Zaman hukumar gunduma a buɗe yake ga kowa, mai haya da mai gida, kuma a nan ake amincewa da kasafi da adadin haraji. Majalisar dokokin Teksas kuwa sau ɗaya take zaman yau da kullum a shekara biyu, a shekarun da suka ƙare da mara, daga watan Janairu, kuma a wannan zama ne ake yanke adadin da zai bi 'ya'yansa da 'ya'yan maƙwabtan da ya baro a tsohuwar unguwa.